Yadda ake kare kai, fuska da ƙeya daga ƙurajen aski

Maza da yawa sun saba da cewa idan aka yi musu aski ƙwal-kwabo, ko aka gyara musu fuska da reza, to bayan kwana biyu ko uku ƙeya da ƙarƙashin haɓa za su feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi, har sun daina ganin abin a matsayin ciwon da ake iya kauce masa. Idan ka tambayi dalili, amsar da za ka fi ji ita ce kilifar mai aski ba ta da tsafta, ko kuma jinin mutum ne ba ya son reza. Ƙazantar kayan aski tana da nata kason, kuma za mu zo kanta, amma mafi yawan waɗannan ƙuraje ba daga jikin wani aka ɗauko su ba. Gashin mutum ne da kansa yake komawa ya soki fatarsa, saboda an yanke shi ƙasa fiye da yadda irinsa yake iya jurewa.

Gashin yawancinmu a murɗe yake, kuma murɗewar tun daga ƙarƙashin fata ta faro, domin ramin da silin gashin yake tsirowa a cikinsa a lanƙwashe yake. Idan reza ta yanke shi, takan bar bakinsa da tsini a karkace. Gashi yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku na milimita a kowace rana, wato kusan santimita 1 a wata, saboda haka cikin 'yan kwanaki wannan tsinin zai fito, ya lanƙwaso, ya sake nutsewa cikin fata kusa da inda ya fito. Akwai kuma hanya ta biyu wadda ta fi wannan muni: idan aka ja fata aka ɗame ta lokacin aski, ko aka yi amfani da reza mai baki biyu ko uku wadda bakin farko yake ɗago gashi na biyu ya yanke shi, to gashin yakan yanke a ƙasa da saman fata, kuma da zarar an saki fatar sai ya shige ciki, ya huda bangon raminsa ta gefe ba tare da ya taɓa leƙowa waje ba. Ko ta wace hanya abin ya faru, jiki yana ɗaukar wannan gashi kamar ƙayar da ta karye a cikin nama, sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya tara mugunya, idan ya warke kuma ya bar baƙin tabo wanda yakan yi watanni bai goge ba a fatar baƙin mutum.

Fara da sanin irin ƙurajen da kake fama da su

Kafin a yi maganar rigakafi, wajibi ne mutum ya tsaya gaban madubi cikin haske mai kyau ya duba abin da ke jikinsa, domin abubuwa daban-daban ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Raɗaɗi da ja ko ƙunar da ke biyo bayan aski nan take, wadda take lafawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kankarar fata ce kawai da reza ko haƙoran kilifa suka yi. Ƙurajen gashin da ya koma ciki sukan jinkirta kwana biyu zuwa uku, suna da ɗan tauri, kuma sau da yawa za ka hango silin gashi a naɗe a tsakiyarsu. Ƙananan ƙuraje masu farin kai da suka fito da yawa a lokaci guda, kowanne a gindin gashi, sun fi kama da shigar ƙwayoyin cuta cikin ramukan gashi. Ƙora kuma, wadda ta fi kama yara, takan zo da zagayayyen fili mai garin fata inda gashi yake kakkaryewa, kuma ita ce tabbas ake ɗauka daga kilifa, mataji da tawul ɗin wani.

Wanda ya fi kowanne cancantar a ji tsoronsa shi ne ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda suke farawa ƙanana a layin gashin bayan wuya, ba sa tafiya tsakanin aski da aski, kuma a hankali suke haɗewa su zama tudun tabo mai sheƙi wanda gashi ba ya sake tsirowa a kansa. Wannan ciwo ya fi yawa a tsakanin samari da magidanta baƙar fata, kuma yawan aske ƙeya ƙasa-ƙasa da gogar wuyan riga suna cikin abubuwan da ke tsananta shi. Yawancin sauran ƙurajen suna warkewa idan aka gyara yadda ake aski, amma ramin gashin da wannan ya lalata ya tafi ke nan, shi ya sa duk shawarar da ke tafe a kan ƙeya ta fi tsanani.

Mataki na farko: ka bar fatar ta huta

Idan a yanzu haka akwai ƙuraje a kanka ko a fuskarka, to matakin farko shi ne ka dakatar da reza gaba ɗaya na tsawon mako 3 zuwa 4, ko fiye idan abin ya yi yawa. Hikimar wannan ita ce, yayin da gashin yake ƙara tsawo, lanƙwasar da ya yi takan ja tsinin da ya nutse ya fito da kansa, kumburin ya sauka. A kwanakin farko abin yakan yi kamar ƙaruwa yake yi, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya su koma wurin mai aski, alhali bin kan ƙuraje da reza yanke kawunansu kawai yake yi, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ya kuma sake fiƙe gashin. Wanda ba zai iya zama da suma ko kasumba barkatai ba yana iya yin saisaye da almakashi, ko da kilifa mai matajin kariya a bakinta, muddin ƙarfen bai taɓa fata ba.

Mataki na biyu: ka yanke shawarar tsawon da za a bari

Wannan shi ne matakin da ya fi duk sauran tasiri, kuma shi ne wanda aka fi ƙin bi, domin ido ya saba da ganin kai yana sheƙi a matsayin cikar aski. Abin da ake buƙata bai da yawa: a bar wa gashi tsawon milimita 1 ko kusa da haka a saman fata. A wannan tsawo kai yana nan a aske tsaf ga duk mai kallo daga nesa kaɗan, amma silin gashin ya riga ya wuce bakin raminsa, ba zai huda bango daga ciki ba. Matajin kilifa mai lamba 1 yana barin kimanin milimita 3, mai lambar rabi yana barin kimanin milimita 1.5, kuma ko babu mataji, idan aka buɗe ɗan hannun da ke gefen kilifa har ƙarshe, haƙoranta sukan bar ɗan saura. Abin gudu shi ne kilifar da aka matso da haƙoranta na sama da na ƙasa suka daidaita, aka kuma wasa su, domin ta yi aikin reza. Irin wannan kilifa tana yanke gashi daidai da fata, tana kuma yi wa fatar ƙananan yankan da ido ba ya gani sai an shafa sifirit an ji raɗaɗi.

Ka gaya wa mai askinka abin da kake so tun kafin ya ɗaura maka ƙyalle, cikin girmamawa kuma a fili, misali ka ce masa: "Malam, don Allah a bar mini ɗan saura, kada a sa reza a ƙeya da ƙarƙashin haɓa, fatata ba ta jurewa." Mai aski ko wanzamin da ya san aikinsa ya ga irin wannan fata fiye da yadda kai ka gani, kuma ba zai ɗauki maganar a matsayin raini ba. Idan ka lura cewa duk da ka faɗa hannunsa yana komawa ga abin da ya saba, ka sake tunatar da shi, idan kuma bai daina ba ka nemi wani.

A ganina ƙeya ba ta buƙatar a fitar mata da layi da reza ko kaɗan. A rage gashinta a hankali daga sama zuwa ƙasa da kilifa har ya saje da wuya, wannan ya wadatar kuma ya fi daɗewa yana kyau. Haka ma layin goshi da na gefen kunne: duk lokacin da aka tura layin ya shiga cikin gashi domin ya fito a miƙe, to an aske wani yanki mai kaurin gashi har fata, kuma a nan ne ƙuraje suke jeruwa bayan kwana uku. A bi iyakar da gashin ya tsaya da kansa, a share abin da ya fita daga layi kawai.

Mataki na uku: kayan aski

Mafi aminci shi ne mutum ya mallaki kilifarsa, matajinsa da burushinsa, ya riƙa tafiya da su shago. Kuɗin da za a kashe sau ɗaya bai kai na jinyar ƙeya ba, kuma maganar ta wuce ƙuraje, domin ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, kuma ɗigon jinin da ido ba ya gani a bakin ƙarfe ya isa ya kai ta jikin wani. Najeriya ta sa rigakafin wannan cuta cikin alluran yara tun shekarar 2004, wanda ke nufin manya da yawa da aka haifa kafin lokacin ba su samu ba, kuma ya dace su je a gwada su a yi musu. Mallakar kilifa kuma ba ta ɗauke wa mutum wanke ta, domin wadda aka jefa a jaka da gashi da maiƙo a haƙoranta tana iya mayar masa da ƙwayoyin cutar jikinsa.

Tsaftace kilifa yana da tsari, kuma tsarin yana farawa da share gashi da datti daga tsakanin haƙora da ɗan burushi, saboda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa dattin da ya daskare. Bayan haka a jiƙa haƙoran sosai da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a bar shi ya zauna na 'yan mintuna har ya bushe da kansa, sannan a ɗiga man kilifa. Abin da aka saba gani a shaguna, wato a fesa sifirit a kyasta ashana wuta ta tashi na daƙiƙa biyu, yana burge mai kallo ne kawai, domin wutar tana cinye sifirit ɗin kafin ya yi aikinsa, zafinta kuma bai daɗe yadda zai kashe komai ba. Kananzir da fetur da wasu suke goge haƙoran kilifa da su suna narkar da maiƙo, amma ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne, kuma saurarsu tana ƙona fata. Mataji da sauran kayan roba ana iya jiƙa su minti 10 a ruwan bilic na wanke fararen kaya, kofi 1 na bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 a kofi 6 na ruwa, sannan a ɗauraye a shanya. Idan ƙarfe aka sa a ciki, a ɗauraye shi nan take a busar a shafa mai, domin bilic yana sa tsatsa.

Reza kuwa hukuncinta ɗaya ne: a buɗe sabuwa a gabanka, a jefar da ita bayan an gama. Wanda yake zuwa wurin wanzami yana iya sayen askarsa ya ajiye, ko ya nemi a yi masa da irin askar da ake sa wa rabin reza a canza. Wasa aska a fata ko a dutse yana gyara kaifinta ne, ba ya tsaftace ta. Burushin hoda da ake kaɗe wa kowa wuya da shi da tawul ɗin da ya kwana a kafaɗar mai aski suna cikin kayan da aka fi mantawa da su, alhali su ne suke taɓa fatar a daidai lokacin da take a buɗe.

Mataki na huɗu: shirya fata da gashi

Idan kilifa za a yi amfani da ita, ka wanke kanka da sabulu marar ƙarfi kafin ka fita, ka busar da shi sosai, kada ka shafa mai, sannan ka taje gashin domin ya miƙe. Gashi mai datti da maiƙo yana dakushe haƙora, kilifa dakusasshiya kuma fizgar gashi take yi maimakon yanka, har mai aski ya riƙa dannawa yana maimaitawa.

Idan kuma reza ce ko aska, to akasin haka ake bukata, wato gashin ya sha ruwa ya yi laushi. Ka jiƙa tawul mai tsafta a ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, ka ɗora a wurin na tsawon minti 5, ko ka yi askin da zarar ka fito daga wanka da ruwan ɗumi. Gashin da ya jiƙa yana yankuwa cikin sauƙi kuma bakinsa ba ya yin tsini kamar na busasshe. Ka shafa kumfar aski ko man aski mai santsi, ka bar shi minti ɗaya ko biyu kafin reza ta taɓa, kuma idan ya fara bushewa a ƙara. Askin reza a busasshiyar fata, ko da ɗan yayyafin ruwan sanyi kawai, musamman da hunturu lokacin da fata take a tsattsage, yana cikin manyan dalilan raɗaɗin da ke biyo baya.

Mataki na biyar: yadda hannu zai bi

Kafin ranar aski, lokacin da gashi ya ɗan tofo, ka shafa tafin hannunka a kai da fuska domin ka gane inda gashin ya kwanta. Ɓangaren da hannu ya bi ya ji santsi shi ne hanyar kwanciyarsa, wanda ya ji kaushi kuma shi ne kishiyarta. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya da ƙarƙashin haɓa yakan karkata gefe ko ma ya juya sama, a tsakiyar kai kuma yakan yi zagaye. Reza ta bi hanyar kwanciyar gashi, da gajeren ja, ba tare da dannawa ba, a ɗauraye bakinta bayan kowane ja ko biyu, kuma kada a bi wuri ɗaya fiye da sau biyu. Kada a ɗame fata da yatsu, kada kuma ka kumbura kumatu ko ka ɗaga haɓa har wuya ya miƙe tamau, domin duk wannan yana sa a yanke gashi a ƙasa da fata. Reza mai baki ɗaya ta fi dacewa da gashi murɗaɗɗe, kuma wanda yake aske kansa a gida da reza mai mariƙi ya canza ta bayan aski 5 zuwa 7, ko da zarar ta fara jan gashi.

Da kilifa ma haka abin yake a wuraren da suka saba yin ƙuraje: a kwantar da bakinta a kan fata maimakon a kafa tsinin haƙora, a bi kwanciyar gashi, kada a danna. Haƙoran kilifa suna ɗaukar zafi idan ta daɗe tana aiki, abin da ake yawan gani a ranakun Alhamis da Juma'a da jajibirin Sallah, lokacin da layi yake da tsawo kuma mai aski yake sauri. Idan ka ji ƙarfen da zafi a fatarka, ka nemi a dakata ya huce. Wanda fatarsa take da saurin ƙuraje gara ya yi askin Sallarsa kwana uku ko huɗu kafin ranar, a lokacin da shago yake da sauƙin jama'a.

Mataki na shida: sa'o'in farko bayan aski

Da an gama, a wanke wurin da ruwan sanyi domin a kawar da guntayen gashi da saurar kumfa, a ɗora tawul mai sanyi na ɗan lokaci, sannan a busar ta hanyar dannawa a hankali ba gogewa ba. Sifirit da turaren bayan aski masu yawan sinadarin barasa suna busar da fata suna ƙara mata raɗaɗi, kuma zafin da ake ji ba shaidar cewa magani yana aiki ba ne. Idan an ɗan yanke ka, ka danna wurin da auduga mai tsafta har jinin ya tsaya. Alif yana taimakawa wajen tsayar da ɗan jini, amma ya zama naka ne kai kaɗai, ba dunƙulen da ake goga wa kowa a shago ba. Bayan haka ka shafa mai marar turare kaɗan, gwargwadon abin da fata za ta shanye. Man kaɗanya tsantsa yana da kyau da hunturu idan aka shafa shi sama-sama, amma lafta basilin ko man gashi mai kauri a sabon aski, musamman da bazara lokacin da zufa take yawa, yana toshe bakin ramukan gashi ya jawo wasu ƙurajen.

Hula ma tana da hannu a wannan lamari fiye da yadda ake zato. Bakin hula yana tara zufa da maiƙo na makonni, kuma a daidai layin goshi da ƙeya yake zama, inda aka fi kankare fata. Idan da hali ka bar kanka a buɗe na wasu sa'o'i bayan aski, idan kuma dole ne ka sa hula, ka sa wankakkiya wadda ba ta matse ba. Masu sa hular kwano a kan babur ko a wurin aiki su sa ƙyallen auduga mai tsafta a ƙarƙashinta su riƙa wanke shi, kuma a guji riga mai taurin wuya da sitaci a kwanakin farko, a canza rigar matashin kai.

Mataki na bakwai: kwanakin da gashi yake tofowa

Daga kwana na biyu ne ainihin rigakafin yake farawa, domin a lokacin ne tsinin gashi yake neman hanyar fita. Kowace rana lokacin wanka, ka goga wurin a hankali da tawul mai laushi ko burushin haƙori mai taushi wanda ka ware domin wannan aiki, kana zagayawa na kimanin minti ɗaya ko biyu. Wannan yana ɗaga gashin da ya fara lanƙwasowa kafin ya nutse, yana kuma kawar da mataccen saman fata da ke rufe bakin rami. Soso mai kaushi da dirza da ƙarfi ɓarna suke yi. Man shafawa ko sabulun wanke fuska mai ɗauke da salisilik asid kashi 2 cikin 100 yana taimakawa a wannan aiki, haka ma benzoyil feroksaid mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5 ga wanda ƙurajensa suke tara mugunya, sai dai a fara da kaɗan saboda suna busar da fata, kuma na biyun yana koɗar da launin tufafi da tawul.

Idan ka hango gashi ya yi lanƙwasa ya nutse, ka ɗora tawul mai ɗumi na wasu mintuna, ka goge bakin sabuwar allura da sifirit, ka zura tsininta a ƙarƙashin lanƙwasar da ke waje, ka ɗago bakin gashin ya fito, sannan ka bar shi a nan. Kada ka tuge shi, domin sabon da zai tsiro daga can ƙasa zai fi fuskantar haɗarin huda bango. Gashin da ba ka ganin komai nasa a waje kuma kada ka tona fata nemansa, kada ka matse ƙurjin da farce. Tabon da tono yake bari ya fi na ƙurjin daɗewa. Idan ƙaiƙayi ya dame ka, man haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 na kwana 3 zuwa 5 yana saukar da shi.

A nan dole a yi magana a kan abubuwan da ake shafawa da sunan magani. Mayukan nan masu haɗin magani uku da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, waɗanda galibi suke ɗauke da sinadari mai ƙarfi irin su kilobetasol ko betametason, suna kwantar da ƙuraje cikin kwana biyu, shi ya sa mutane suka yarda da su. Amma idan aka daɗe ana shafa su sukan sirantar da fata, su haska wurin ya bambanta da sauran jiki, su haifar da nasu ƙurajen, su kuma ɓoye ƙora ta ci gaba da yaɗuwa. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne masu shafa ruwan batir, man birki, baƙin man inji ko kananzir a ƙeya domin su ƙone ƙurajen. Waɗannan suna ƙona fatar ne baki ɗaya, kuma a fatar da dama take da halin yin tudun tabo, ƙunar ita ce take mayar da ƙananan ƙuraje su zama babban kumburi na dindindin. Tsaga ƙurajen ƙeya da aska domin a fitar da abin da ake kira mataccen jini shi ma sakamakonsa ke nan.

Waɗanda dole ne su aske har fata

Sojoji, 'yan sanda da sauran masu kayan sarki da dokar aikinsu ta hana barin gashin fuska sun fi kowa shan wahalar wannan ciwo. Gare su, yin aski a kai a kai, duk kwana 2 zuwa 3, da hannu mai sauƙi da bin kwanciyar gashi, ya fi barin gashi ya yi mako sannan a kankare shi, domin ba a ba shi damar yin tsawon da zai lanƙwaso ba. Hodar cire gashi ko mansa wata mafita ce, saboda tana narkar da gashin ne ta bar bakinsa a dakushe, amma sinadarinta yana da ƙarfi: a gwada a ɗan wuri a jira kwana 2, kada a wuce mintunan da aka rubuta a jikin gwangwani, kada a shafa a kan ƙurji ko rauni, kuma kada a bi bayanta da reza. Wanda abin ya gagara ya nemi likita ya duba shi ya rubuta masa takardar da zai gabatar a wurin aiki. Mahajjaci ko mai Umara da zai aske kansa domin ibada kuma ya nemi shagon da hukuma ta ba izini, inda ake amfani da reza sau ɗaya a jefar, kamar yadda ma'aikatar lafiya ta Saudiyya take gargaɗi duk shekara, ya guji masu aski a bakin hanya da karɓar rezar abokin tafiya.

Lokacin zuwa asibiti

Idan ka dakatar da reza na mako 4 zuwa 6 kana bin waɗannan matakai amma ƙurajen ba su ragu ba, ko suna zubar da mugunya, ko wurin ya kumbura ya yi zafi har da zazzaɓi, to lokacin ganin likita ya yi, kuma mai ciwon sukari kada ya jira ko da wannan tsawon. Ƙurajen ƙeya masu tauri kuwa ba a jira da su har tsawon haka. Da zarar ka ga sun wuce aski biyu suna nan, ka daina taɓa ƙeyar da reza ko kilifa marar mataji, ka nemi likitan fata. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da masu duba cututtukan fata, kuma likitan asibitin da ke kusa da kai yana iya tura ka. A farkon ciwon ana shawo kansa da man shafawa da ƙwayoyi irin su doksisaikilin na wasu makonni, idan ya yi tauri ana yin allura a cikin tabon domin ya kwanta, wanda ya girma sosai kuma sai an yanke shi ta hanyar tiyata. Akwai kuma cire gashi da hasken leza, wanda yake rage tsirowarsa na dogon lokaci, amma a tabbatar na'urar irin wadda ta dace da baƙar fata ce kuma a hannun ƙwararre take, domin wadda ba ta dace ba tana ƙonawa. Yaron da aka ga ƙora a kansa yana buƙatar maganin sha irin su girisiyofulbin na makonni da dama bisa umarnin likita, saboda man shafawa kaɗai ba ya kai wa ga gindin gashi, kuma a ware masa kilifa, mataji, hula da tawul har ya warke, a duba kawunan sauran yaran gidan su ma.